Ka Haɗa Kejin Kafin Ka Sayo Macijin

Duk wanda ya same ni da zancen yana son fara ajiye maciji a gida, abin da yake fara tambaya shi ne wane iri zai saya, kuma mai wace kala. Ni kuwa abin da nake fara tambayarsa shi ne: ina kejin? Kuma ba wanda yake cikin kwali ko kwance shi ba a yi ba nake nufi. Ina nufin wanda aka riga aka haɗa, aka jona masa wuta, aka bar shi yana aiki babu kowa a ciki har tsawon mako guda, mutum ya san zafin da kowane lungu yake kaiwa da tsakar rana da inda yake sauka da asuba. In ba ka da wannan, bar macijin a hannun mai sayarwa tukuna.

Dalilin wannan takurawar tawa shi ne maciji ba shi da zafin jiki na kansa. Kare da kyanwa jikinsu ne yake ɗumama su daga abincin da suka ci, shi ya sa ko ɗaki ya yi sanyi sukan duƙunƙune su kwana lafiya. Maciji kuwa zafin inda ya kwanta shi ne zafin jikinsa. A daji yakan fito ya sha hantsi, in ya ji ya ishe shi ya sulale cikin rami, da yamma ya nemi dutsen da ya wuni yana shan rana ya lafe a kai. Narkar da abinci, da yaƙi da cuta, da yin saɓa, duk a kan wannan kai-komo suka rataya. Ranar da ka rufe shi a keji ka raba shi da rana, ka raba shi da rami, sai abin da ka tanadar masa. Saboda haka aikin keji ɗaya ne: ya ba dabbar zaɓi. Ga wuri mai ɗumi ga mai sanyi, ga busasshe ga mai danshi, kuma duk inda ya zaɓa akwai inda zai ɓuya.

Wane maciji

Iri biyu ne suka fi yawa a hannun masu farawa. Na farko macijin masara, wanda masana ke kira Pantherophis guttatus, ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka. Siriri ne, ba shi da dafi, tsawonsa yakan kai mita 1 zuwa 1.5, ba ya gardamar cin abinci, kuma yakan yi shekara 15 zuwa 20 in ya samu kulawa. Na biyu ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa ta cusa kanta a tsakiyar jikinta idan ta tsorata, Python regius, wadda asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne. A tsawo kusan ɗaya suke, amma ta fi shi kauri nesa ba kusa ba, tana kai shekara 20 zuwa 30, an ma samu waɗanda suka haura 40. Tana da sanyin hali, sai dai akwai ta da zaɓe: zafi ya ɗan kauce ko danshi ya yi ƙasa, sai ta shiga yajin cin abinci na makonni. In za a bi ta tawa, mai koyo ya fara da macijin masara, domin yana jure ƙananan kurakuran da mesar ba ta jurewa.

Masu dafi ba na mai koyo ba ne, ba sai na ja zancen ba. Manyan mesa ma haka. Mesar Burma da ake sayarwa tana jaririya a tafin hannu tana iya kai mita 4 ko 5. Waɗanda suka tsere ko masu su suka gaji suka sake su ne suka hayayyafa a dausayin Everglades na jihar Fulorida suna cinye dabbobin wurin, har gwamnatin Amurka ta hana shigo da su a 2012. Ka kuma bincika dokar inda kake tun kafin ka kashe ko sisi. A Niyu Zilan da Hawai ba a yarda mutum ya ajiye maciji ba sam, Ostareliya ta hana macizan da ba 'yan ƙasa ba, a Birtaniya kuma masu dafi sai da lasisi tun dokar 1976. Sannan ka nemi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo. Wanda aka kamo daga daji yakan zo da tsutsar ciki da kaska, da tsoron mutum wanda ba ya saurin barinsa.

Girman keji da abin da aka yi shi da shi

Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce: macijin ya iya miƙewa sambal a cikin kejinsa. Ga babban macijin masara ko babbar mesa mai dunƙulewa, mafi ƙanƙantar abin da zan yarda da shi shi ne tsawo santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. In macijinka ya zarce haka, kejin ma ya zarce. Za ka ji ana cewa babban keji yana firgita ƙaramin maciji. Abin da ke firgita shi fili ne fetal babu abin fakewa. In ka cika wurin da ganye da rassa da maɓoya, girma ba ya damunsa. Dalili ɗaya da zai sa ka fara da ƙaramar robar ajiya shi ne jaririn macijin masara kaurinsa bai fi fensir ba, yana iya bi ta tsakanin gilasan ƙofar babban keji ya fice.

Akwatin gilashi irin na kifi shi mutane suka fi saya, don ya fi samuwa kuma ya fi kyau a ido. Aibinsa biyu. Gilashi ba ya riƙe zafi, murfin raga kuma yana zubar da danshi. Ga macijin masara za a iya lallaɓawa da shi. Ga mesa kuwa kullum cikin faɗa da danshi za ka kasance, sai ka rufe kashi uku cikin huɗu na ragar daga waje da faranti ko takardar alminiyam. Kejin roba mai kauri, wato PVC, ya fi duka riƙe zafi da danshi, ba ya ruɓewa, ba shi da nauyi, amma ya fi tsada. Na katako yana riƙe zafi sosai, sai dai ruwa makiyinsa ne. Dole ka bi duk mahaɗarsa da silikon irin wanda ake liƙe akwatin kifi da shi, ka bar shi a buɗe har warin tsamin ya fita gaba ɗaya kafin wani abu mai rai ya shiga.

In kana da zaɓi, ɗauki mai ƙofa ta gaba. Shaho da shirwa daga sama suke faɗo wa maciji, don haka hannun da ya sauko masa ta sama, hari yake ɗaukarsa. Hannun da ya shigo ta gefe bai cika tayar masa da hankali ba. In gilashi ne ta ko'ina, liƙa baƙar takarda daga waje a baya da gefe biyu, ka bar gaba kawai.

Sai batun tserewa, wanda kusan kowane mai kiwo yana da labarinsa. Maciji ba shi da wani aiki da dare illa bin bango da hanci yana tura kowace kusurwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi kuma ta tsagar yake samun wurin fita, kuma duk ramin da kansa ya shiga jikinsa zai bi. Ɗora littattafai ko dutse a kan murfi ba kulle ba ne, zai ɗaga gefe guda ya zare jiki. Murfi yana bukatar maƙalai masu kama shi ta kowane gefe, ƙofar gilashi mai zamewa kuma tana bukatar makulli nata. Ka duba ramukan da wayoyi ke shiga ta ciki, ka toshe abin da ya rage. In akwai yara a gidan, kwaɗo ba zaɓi ba ne, wajibi ne.

Inda za ka ajiye kejin ma abin dubawa ne. Kada hasken rana ya faɗo masa kai tsaye ta taga: akwatin gilashi a rana yana iya kashe maciji cikin ɗan lokaci, kuma zafi ya fi sanyi saurin kisa. Ka nisanta shi da iskar na'urar sanyaya ɗaki da kuma sifika, domin maciji yana jin girgizar ƙasa da jikinsa.

Zafi, inda ya kamata kuɗinka su tafi

A nan ne ake yin nasara ko a faɗi. Abin ɗumamawa gefe ɗaya ake sa shi, can ƙarshen keji, ba tsakiya ba. Ta haka zafi zai riƙa raguwa daga wannan gefe zuwa wancan, macijin ya zaɓi inda ya yi masa. Ga macijin masara, gefen ɗumi ya kasance digiri 29 zuwa 31 a ma'aunin Salsiyos, gefen sanyi 22 zuwa 25, da dare kuma ko ya sauka zuwa 20 babu laifi. Mesa ta fi son ɗumi: 31 zuwa 33 a wurin shan zafi, 24 zuwa 27 a gefen sanyi, kuma kada dare ya kai ta ƙasa da 23 ko 24. In gaba ɗayan kejin ya haura 35 babu wurin gudu, dabbar tana cikin haɗari. Wanda ɗakinsa ke da zafi da ma, matsalarsa ba ɗumamawa ba ce, samar da gefen sanyi ne, kuma wannan ya fi wuya: sai ɗaki mafi sanyi a gidan, da keji a ƙasa-ƙasa, da ramukan iska masu yawa, da falen tayil a gefen sanyi wanda zai kwanta a kai.

Kayan ɗumamawa iri-iri ne. Akwai shimfiɗar lantarki da ake liƙawa a ƙarƙashin keji daga waje, ta rufe kamar kashi ɗaya cikin uku na ƙasan. Tana da araha, tana kuma aiki a robar ajiya da akwatin gilashi, amma ƙasa kawai take ɗumamawa, iska tana nan da sanyinta, kuma zafinta ba ya ratsa abin da aka zuba a ƙasan keji in yana da kauri. Akwai ƙwan fitila na halojin mai ba da haske da zafi tare, wanda shi ya fi kama da rana, kuma shi na fi so da rana. Akwai ƙwan tangaran mai zafi babu haske, wanda ya dace da dare amma yana busar da iska. Duk ƙwan da ke cikin keji sai an kewaye shi da ragar ƙarfe, in ba haka ba macijin zai hau ya naɗe shi.

Abin da ba zan taɓa yarda a saya ba shi ne dutsen lantarkin nan da ake jonawa a sa a cikin keji. Zafinsa ba daidai yake ba, wani gefe ɗumi wani gefe wuta. Macijin da iskar kejinsa ke da sanyi zai lafe a kan abu mai zafi har cikinsa ya ƙone bai motsa ba, kuma ƙunar maciji takan ɗauki watanni da saɓa da yawa kafin ta warke.

Wannan ya kawo mu ga tamostat, na'urar da ke rage wuta ko yanke ta idan zafi ya kai inda ka saita. Mutum zai sayi ƙoƙon kan roba da itacen ado masu tsada, sannan ya ce tamostat sai wata mai zuwa. Ni a wurina kejin da ba shi da tamostat bai haɗu ba. Shimfiɗar lantarki da aka jona kai tsaye a bango tana iya haura digiri 45. Kowane abin ɗumamawa da tasa na'urar. Mai kunnawa da kashewa ta isa ga shimfiɗa. Ƙwan mai haske kuwa sai mai rage ƙarfin wuta a hankali, in ba haka ba zai wuni yana ƙyaftawa, ya dami macijin, ya kuma mutu da wuri.

Tamostat tana da ɗan kan waya mai jin zafi, kuma inda ka ajiye shi shi ne komai. In shimfiɗa ce, sa shi tsakanin shimfiɗar da gindin kejin. In ƙwai ne, sa shi ƙarƙashin ƙwan, daidai inda macijin zai kwanta, ka ɗaure shi yadda ba zai gusa ba. Ka yi tunanin abin da zai faru in macijin ya ture shi zuwa gefen sanyi ko cikin ruwa: na'urar za ta ɗauka kejin ya yi sanyi, ta saki wuta iya ƙarfinta. Da igiyar roba mai zarge ko ɗigon silikon ake ɗaure shi. Salatif kuwa, ko wane iri ne, kada ya shiga cikin keji. Ɗumi da danshi za su ɗaga bakinsa, macijin ya bi ta kai ya manne, garin fizgewa ya yage fatarsa. In har hakan ta faru kada ka ja. Man girki za ka riƙa shafawa a hankali har gam ɗin ya saki.

Kada ka yarda da lambar da ke jikin tamostat ita kaɗai. Sayi ma'aunin zafi na dijital guda biyu, ɗaya kowane gefe, a ƙasa inda macijin yake, ba can sama kusa da murfi ba. Ka ƙara da bindigar auna zafi, wadda ake nuna wa wuri ta faɗi zafin samansa. Da ita za ka san ainihin abin da cikin macijin ke taɓawa. Ma'aunan nan masu allura da ake mannawa a gilashi sukan yi kuskuren digiri da yawa, ga kuma gam a bayansu.

Ranar da wuta ta ɗauke cikin sanyi, lulluɓe kejin da bargo ka bar kafar iska, ka sa gorar ruwan ɗumi naɗe da tawul a gefe guda, kuma kada ka ba shi abinci sai zafi ya dawo. Abinci a cikin macijin da ya yi sanyi ruɓewa yake yi, ba narkewa ba.

Maɓoya

Biyu ne mafi ƙaranci, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi, kuma su zama iri ɗaya. Wannan na ƙarshen shi mutane ke rainawa. In maɓoyar gefen sanyi ta fi matse shi da duhu, a nan zai tare ko da sanyi na cinsa, domin a wurin maciji tsira daga maƙiyi tana gaba da jin ɗumi. Kai kuma ka zauna kana mamakin me ya sa ya amayar da abincinsa alhali ma'auni na nuna 31 a ɗaya gefen. Bai je can ba ne. Kada ka taɓa sa shi zaɓi tsakanin ɓuya da ɗumi.

Maɓoya mai kyau ƙofa ɗaya gare ta, rufinta ƙasa-ƙasa, kuma ta kama shi kamar yadda takalmi ke kama ƙafa: in ya naɗe a ciki, jikinsa na taɓa bango ta kowane gefe. Rabin kututturen nan mai buɗe gaba da baya da ake sayarwa yana da kyan gani, amma a wurin maciji hanya ce, ba ɗaki ba. Ba sai ka kashe kuɗi ba: baƙar robar abinci da aka kife aka yanka mata ƙofa, aka goge kaifin bakin, ta fi yawancin na kanti. In ta yi masa girma, cusa takarda a ciki. Ka guji kayan ado masu ƙananan ramuka, irin na akwatin kifi, domin macijin da ke girma wata rana zai shiga ya maƙale a tsakiya.

Tsakanin maɓoyan biyu kada ka bar fili. Zuba ganyen roba, busassun ganye, ɓawon itace, yadda zai ratsa daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ya ji a sarari yake ba. Abin mamaki, kejin da ya fi cika da wuraren ɓuya shi ne wanda za ka fi ganin macijin a waje, don hankalinsa a kwance yake. Sa masa reshe mai ƙarfi ko biyu, a kafe sosai. Macijin masara gwanin hawa ne, mesa ma tana hawa fiye da yadda ake faɗa, musamman namiji da ƙanana. Reshen da ka samo a waje ka wanke shi, ka kwarara masa tafasasshen ruwa, ya bushe sarai kafin ya shiga.

Abin shimfiɗawa da danshi

Watanni biyu ko uku na farko farar takardar goge hannu za ka shimfiɗa, ba don kyau ba. A kan fari ne za ka ga ƙumar maciji, ƙananan baƙaƙen ɗigo masu motsi da ke taruwa a gefen ido da ƙarƙashin haɓa suna shan jini, kuma a kan fari za ka ga ko kashinsa lafiya yake. In kana da wani maciji a gida, sabon ya yi waɗannan watannin a wani ɗaki daban, da kayan aikinsa daban.

Bayan nan, macijin masara yana jin daɗin ɓarɓashin itacen asfen, don yana kutsawa ciki ya yi hanyoyi, sai dai yana yin fumfuna in ya jiƙe. Mesa kuwa sai abin da ke riƙe ruwa, kamar dakakken ɓawon kwakwa, a zuba shi da kauri, santimita 8 zuwa 10. Ka nisanci ɓarɓashin itacen fayin da na sida. Man da ke sa su ƙamshi yana cutar da huhu da fatar maciji. In ba ka san daga wane itace dusar katako ta fito ba, kada ka yi amfani da ita. Yashi zalla ma bai dace da waɗannan biyun ba.

Danshin iska ga macijin masara kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari ya isa. Mesa tana son 60 zuwa 70, har 80 lokacin saɓa. Ma'aunin danshi na dijital ne zai gaya maka, ka sa shi a gefen sanyi. Kuskuren da aka fi yi shi ne fesa ruwa a saman shimfiɗa safe da yamma: danshin ya tashi na awa ɗaya ya faɗi, macijin kuma ya kwana a kan jiƙaƙƙen wuri har ɓawon cikinsa ya fara ja yana ruɓewa. Abin da ke aiki shi ne ka tsiyaya ruwa a kusurwoyin keji ya gangara ƙasa. Ƙasan shimfiɗar ya jiƙe, samanta ya zauna a bushe, ruwan ya riƙa tashi a hankali kwana da kwanaki. Kuma kada ka toshe duk kafofin iska don neman danshi. Iska mai danshi da ba ta motsi ita ke kawo ciwon huhu.

Ka tanadi maɓoya ta uku mai jiƙaƙƙiyar gansakuka a ciki, wadda aka matse ba ta ɗiga. Idan ka ga launin macijin ya dushe, idonsa ya yi shuɗi-shuɗi kamar hazo, saɓa ta kusa, cikin mako ɗaya ko biyu. Saɓar da ta fita ɗungurungum shaida ce danshinka daidai yake. In ta fita gutsi-gutsi, iskar ta bushe. Ka duba saɓar ka ga murfin ido biyu sun fita tare da ita, ka kuma duba ƙarshen wutsiya, domin tsohuwar fatar da ta maƙale a nan takan shaƙe jini har wutsiyar ta mutu.

Ruwa da haske ba su da dogon bayani. Kwano mai nauyi wanda ba zai kifar ba, mai faɗin da zai iya shiga ya jiƙa jikinsa, a gefen sanyi, ana sauya ruwan kullum ko bayan kwana biyu. Haske awa 12, duhu awa 12, da agogon soket mai kunnawa da kashewa da kansa. Jan ƙwan da ake cewa na dare ne, maciji yana ganinsa. Dare duhu yake so. Fitilar UVB mai rauni, wato mai ba da wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, ƙari ce mai amfani, ko da yake waɗannan biyun suna rayuwa ba tare da ita ba. In ka sa, ka sani haskenta ba ya ratsa gilashi, kuma ƙarfinta yana ƙarewa cikin wata 6 zuwa 12 ko da tana ci gaba da haskawa.

Makon gwaji da zuwan baƙo

Ka gama haɗawa, kunna komai ka rufe. Auna gefen ɗumi, gefen sanyi, cikin kowace maɓoya, da safe, da tsakar rana, da tsakar dare, ka rubuta. Kusan kullum sai an sami abin gyara: ƙwan ya yi ƙarfi, ko gefen sanyi ba ya sanyi, ko danshi na zubewa da rana. Sai lambobin sun tsaya cak kwana uku a jere za ka je ɗauko shi. Kafin nan ka san inda likitan dabbobin da ke duba masu jan ciki yake, don ba kowane likita ke karɓarsu ba, ka kuma tabbatar kana da inda za ka riƙa samun daskararrun ɓeraye. Ɓera mai rai yana cizon maciji, wani lokaci mummunan cizo.

In ya iso, sa shi a bakin maɓoya ka rufe, ka ƙyale shi. Mako guda babu ɗauka, babu kiran abokai su zo kallo, ruwa kawai za ka sauya. Sannan ka gwada shi da ɓeran da aka narkar aka ɗumama, wanda kaurinsa bai wuce wuri mafi kauri a jikin macijin ba, ka miƙa da dogon hantsaki. A cikin kejinsa nake ba da shawarar a ciyar da shi. Ɗauke shi zuwa wata roba ba ya ƙara komai sai tashin hankali. Bayan ya ci, awa 48 kada ka taɓa shi. Kuma keji ɗaya maciji ɗaya. In ka ga biyu sun naɗe wuri guda, ba ƙauna ba ce, wuri mai kyau ɗaya suke takara a kai.

Kashi da farin abin da ke fita tare da shi, kwashe su ranar da ka gani, da shimfiɗar da ke kewaye. Duk wata ɗaya zuwa uku ka juye komai ka wanke, ka ɗauraye sosai. Magungunan wanke ƙasa masu sinadarin finol guba ne ga macizai. Wanda likitocin dabbobi ke amfani da shi, irin kulohekzidin, ya fi aminci. Macizai suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai sa mutum gudawa da zazzaɓi, ko da lafiyarsu ƙalau, saboda haka wanke hannu da sabulu bayan kowane taɓi, kada ka wanke kwanonsa inda ake wanke kwanukan abinci, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu raunin garkuwar jiki su tsaya a kallo.

Daga nan macijin ne zai riƙa gaya maka inda kejin ya gaza. Wanda ya wuni yana goga hanci a gilashi, ko dai zafi ya yi yawa ko bai sami maɓoyar da ta gamshe shi ba. Wanda ya tare a cikin ruwa alhali ba saɓa zai yi ba, duba ƙuma, sannan duba zafi. Wanda ba ya barin gefen ɗumi, kejin ya yi sanyi. Wanda ba ya zuwa can sam, ya yi zafi. Mesar da ta ƙi abinci, auna zafi da danshi kafin ka sauya mata ɓera. Amma in ka ji yana numfashi da ƙara, ko yana buɗe baki, ko ka ga kumfa a bakinsa ko hancinsa, wannan ya wuce gyaran keji, kai shi wurin likita a ranar.